Mu da Manhajar Gayya

Mu dai a unguwar nan, da wanda ya sayi kwamfuta sabuwa fil da wanda ya ɗauko ta hannu a kasuwar Farm Centre, hanyarmu ɗaya ce. A miƙa wa yaron shago, a ce, "Ɗan'uwa, zuba min Windows da Office." Ba ma tambayar lasisi, shi ma ba ya kawo zancen. Kwana kaɗan rubutu ya fito a gefen allo ana neman kuɗi, ko bairos ya cinye aikin da aka sha wahalar bugawa, sai a koma a sake fomatin. Kowa ya san kayan satar fasaha ne, amma an saba.

Abin da ke ci min rai shi ne akwai na halal, kuma kyauta. A 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, ya fara rubuta Linux, ya baza rubutun a fili don duk mai iyawa ya duba, ya gyara, ya ƙara nasa. Aikin gayya ne, kowa da fartanyarsa, amfanin kuma na gari duka. A kansa aka gina Ubuntu, wanda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya ƙaddamar a 2004. Linux ɗin ma ba baƙonmu ba ne: Tecno da Itel ɗin da ke aljihunmu Android suke ɗauke da shi, ginshiƙin Android kuwa Linux ne. VLC ɗin da muke kallon fim da shi ma buɗaɗɗiyar manhaja ce.

Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta janye kulawar da ta saba ba Windows 10, Windows 11 kuma ba ya karɓar da yawa daga tsofaffin kwamfutocin da muke saye. Irin waɗannan, in aka zuba musu Linux Mint ko Lubuntu, sai su farfaɗo.

Amma ka kawo wannan zance a majalisa bayan sallar isha, wani dattijo zai tare ka: "To Malam, in ta lalace wa zan kai wa?" Gaskiyarsa. Mai gyaran bakin titi Windows ya sani. Mai zana katin biki da CorelDraw ya koyi sana'a, shi kuwa ba a yi shi don Linux ba. Ka ce ya koma Inkscape, madadinsa na kyauta, ka ce ya ajiye aikin kwastoma ya koma ɗalibi. LibreOffice, madadin Office, na buɗe takardar Word, sai dai wani lokaci teburi ya goce, shafi ya ƙaru, ga shi gobe za a miƙa wa malami.

Akwai kuma wanda ya fi wannan nauyi. Masu ci sun yi yawa, masu aikin 'yan kaɗan ne. A Maris 2024 aka gano an dasa wa wata 'yar manhaja mai suna xz ƙofar ɓoye ta masu kutse. Mutum ɗaya ne ke riƙe da ita a matsayin sa kai, ya gaji, wani ya shafe kusan shekara biyu yana taya shi har ya samu amana, ya dasa ƙofar. Wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga na'ura ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi, ya tono ta kafin ta bazu. Buɗewar da ta ba mugu ƙofa ita ta ba injiniyan damar dubawa.

Ni abin da nake roƙo bai da yawa. Makarantun koyon kwamfuta na unguwa su riƙa koyar da Windows da Linux duka. Yaron shago kuma ya ajiye filas ɗaya mai Mint a aljihun tebur, tunda ana iya kunna shi daga filas ɗin a gwada ba tare da an goge komai ba, mai kwamfuta ya gani da idonsa kafin ya zaɓa.