Taswira Ba Ta Haki

Duk wanda ya ƙudura niyyar hawa keke daga Kafanchan, garin da jirgin ƙasa ya mayar mararraba tun 1927, ya bi ta Kagoro da Manchok da nufin hayewa Jos, to, ya sani cewa taswirar da ya shimfiɗa bisa tabarma yana aunawa da zare ba ta taɓa yin haki ba, domin a wurinta tudu da gangare duk tawada ce. Malaman fikihu, Allah ya saka musu da alheri, sun ƙayyade tafiyar kasaru da mil 48, amma ba su fayyace hukuncin mil ɗin da ya miƙe tsaye a gindin duwatsun Kagoro ba, inda mahayi kan sauka cikin ladabi ya tura abin hawansa, har a rasa wanda ke ɗauke da wani. Batun guzuri kuwa, faci da sholisho da famfo sun fi ƙuli-ƙuli wajaba. In ya tambayi manomin citta sauran tafiya, aka ce masa "ga shi nan bayan dutse", to, ya nemi ruwan alwala tukuna, don dutsen da ake nufi sai bayan la'asar zai bayyana.