Lambar da ba ta rabuwa

Cikin lambobi ma akwai marowata, kuma 2,147,483,647 ce sarauniyarsu. Jera 2 sau 31, ka ninka su, ka cire ɗaya, ga ta nan. Babu mai raba ta daidai sai 1 da ita kanta. Masanin lissafi Leonhard Euler ya tabbatar da haka a 1772, da alƙalami kawai. In Alhaji ya bar wa 'ya'yansa wannan adadi, su biyu ne ko dubu, sai an yi rigima kan canji.

A kan wannan lambar kuma ƙidayar kwamfuta mai bit 32, irin wadda ke ɗaukar lambobin ƙasa da sifili ma, ke tsayawa cak. A 2014 adadin kallon bidiyon waƙar Gangnam Style ya tunkaro ta, dole YouTube ya faɗaɗa ma'auninsa. Waƙar rawar doki ce fa ta jawo wa injiniyoyi wannan wahala.