Ranka Ya Daɗe, Koci!

Matameye ta ci gaba, jama'a. A da, tinƙahonmu rake ne da gyaɗa da hanyar da ta ratsa mu zuwa Daura da Kano. Yanzu mun samu koci. Wanda bai waye ba zai zaci na ƙwallo ne, alhali wannan kocin rayuwa ne ɗungurungum. Ya sauko daga mota da kwat a tsakiyar bazara, zufa na zuba, murmushi bai yanke ba. Ya kama ɗakin taro, ya karɓi jaka biyu a kan kowane kai. Kafin la'asar ya gano abin da ke damun garin nan kaf: ashe tunani ne ba mu iya ba.

Kai, aiki sai mai shi! Masanin halayyar ɗan Adam, wanda ke jinyar zuciya da zama da magana, sai ya ɓata shekaru a jami'a, sannan wani babba ya riƙa duba masa aiki kamar yaron gareji. Likitan ƙwaƙwalwa ya fi shi asarar lokaci, don sai ya gama karatun likita kafin ya soma na ƙwarewa. Kocinmu kuwa, Allah ya ja zamaninsa, kwana uku ya yi yana sauraren darasi ta WhatsApp, aka turo masa takardar shaida mai hatimi ruwan zinariya. To, wa ya fi wani kwanya?

Kuma sana'ar ƴar asali ce. Wani Ba'amurke, Thomas Leonard, mai ba mutane shawara kan kuɗi, shi ya buɗe makarantar koci a 1992, ya kafa musu ƙungiya ta duniya a 1995. Babban daɗinta, a yawancin ƙasashe ba mai tambayarka lasisi; in ka ce kai koci ne, ka zama. Ita ƙungiyar ta ce idan koci ya ga alamar ciwo ya tura mutum wurin masu jinya. Wannan ƙasƙanci sai kocin Amurka. Namu bai taɓa tura kowa ko'ina ba, sai darasi na biyu, mai jaka biyar.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya tone-tone. Mai jinyar zuciya ɗan bin diddigi ne: yaushe barci ya ƙaurace miki? Me kike gani in kin rufe ido? Kin taɓa jin gara ki bar duniya? Ya bi hanyar da irin su Aaron Beck suka shimfiɗa tun shekarun 1960, a kama tunanin da ke cin mutum, a auna shi da gaskiya, mako bayan mako, wani lokaci har watanni. In abin ya fi ƙarfin magana ya haɗa ka da likita mai rubuta magani. Ga shi da rowar labari, duk abin da ka faɗa masa ya binne shi ke nan. Ko malamin zaure sai ya tambayi sunan mahaifiyarka kafin ya taɓa ƙasa. Koci bai san jiya ba. Gobe kawai yake sayarwa, kayan da ba a taɓa dawo wa mai shago da shi ba.

Garin da ya dace da shi kuwa ya zo. Mu mutanen ƙasar Kance jiya ta yi mana yawa. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da ƙananan yara. Motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta gama da su. Da yawansu daga nan yankin suka tashi. Bayan su an sha dawo mana da wasu daga Aljeriya cikin manyan motoci ta Assamaka. Akwai gidajen da har yau in an ambaci Tamanrasset ta Aljeriya sai hira ta mutu. Irin waɗannan, mai jinya zai ce suna ɗauke da rauni mai bukatar lallashi. Koci ya fi shi adalci, shi bai ga marar lafiya ko ɗaya a zauren ba, ragwaye kawai ya gani.

Ina wurin wata dattijuwa ta ɗaga hannu. Ta ce, "Ɗana, ni barci ne ba na iyawa. Da na kwanta sai in ji yarinya na roƙona ruwa."

Bai ko ƙifta ido ba. Ya miƙa mata lasifika ya sa ta maimaita, don na baya su amfana. Sannan ya ce, "Iya, kin ga matsalarki? Kina waiwaye. Ki rubuta burinki guda biyar, kullum da safe ki tsaya gaban madubi ki ce: ni zakanya ce!" Aka yi tafi har da guɗa. Da a hannun mai jinya ta faɗa, da tana can asibitin Damagaram ana ta yi mata tambayoyi a ɗaki, ba mai tafa mata. A Zimbabuwe ma wani likita, Dixon Chibanda, ya rasa abin yi, ya horar da kakanni su zauna a kan benci suna sauraren masu damuwa, ba kwat, ba lasifika. Ina armashi a nan?

Wani ɗan fada mai baƙin ciki ya tambaya, to idan mutum ya bi darasin bai warke ba fa? Koci ya ce wannan bai sa niyya ba ke nan. Ka ji sana'a mai albarka: in an dace aikin koci ne, in an faɗi laifin mai biya ne. Likita ya yi kuskure a kira shi gaban hukumarsu. Shi kocinmu waya kawai zai sake wa layi.

Da magariba ya shiga mota, an ce Magarya ta yi sa'a, ita ce a gaba. Iya ta fito riƙe da takardar shaidarta, ta tsayar da ni a bakin ƙofa, ta ce in duba mata ko an rubuta ƙarfe nawa ake shan maganin.