Ƙuliƙuli Mai Ƙugiya

Tsoron yara ne ya sa na kulle foldar. Autana ya taɓa goge min lissafin adashi yana neman wasan mota, sai na tattara hotunan takardun fili da rasit-rasit, na ɗaure su da manhajar 7-Zip, na sa kalmar sirri. Har da taƙama na ce wa uwargida ko aljani ba zai buɗe ba.

Bayan shekara biyu mai sayen fili ya ce in turo masa takardu kafin Juma'a. Na zauna gaban kwamfuta da izza, na rubuta "kulikuli". Ta ƙi. Na gwada da manyan haruffa, na gwada shekarar haihuwata, lambar tsohon babur ɗina, sunan kakata, har da sunan wata da na nema kafin aure, wanda na rubuta ina waige-waige. Duk a banza.

"Maigida, ashe aljanin kai ne," in ji uwargida, ta ajiye min shayi ta wuce.

Washegari na saɓi kwamfutar sai kasuwar Farm Centre, wajen wani yaro mai gyara. Ya duba, ya sosa ƙeya.

"Alhaji, da manhajar da ke ɓoye folda kawai ce, da kafin ka gama shan ruwa na fito maka da ita. Wannan kuwa AES-256 ce. Ba ƙofa ta rufe ba, dagula rubutun ta yi gaba ɗaya, kuma ko wanda ya ƙirƙiri manhajar ba shi da mabuɗin ajiya. Sai dai mu sa na'ura ta yi ta cinke."

Na ce harafi takwas ne kacal, ai ba wuya. Ya danna kalkuleta ya nuna min: ƙananan haruffa 26, gurbi takwas, haɗi sama da biliyan 200. Duk da haka na biya kafin alƙalami, na'urar ta kwana uku tana huci kamar injin markaɗe, Juma'a ta zo ta wuce.

Ran Asabar ina zaune na yi tagumi, 'yata ta aji huɗu ta leƙo takardar da na cika da gwaje-gwaje.

"Baba, ba haka ake rubuta ƙuliƙuli ba. Malaminmu ya ce da ƙugiya ne."

Gabana ya faɗi. Lokacin da na kulle foldar ina da madannin Hausa, daga baya aka sake min Windows ya tafi, ni kuma na saba da rubutun kasala. A wajen kwamfuta, k da ƙ ko dangi ba su haɗa ba, kuma na'urar yaron can ko da shekara dubu za ta yi ba za ta cinka ba, tunda ƙ ba ta cikin haruffa 26 ɗin da ya ba ta.

Na kwafo ƙ daga intanet na liƙa sau biyu, folda ta buɗe. Mai sayen fili dai ya riga ya sayi na maƙwabcina. Yarinya kuma ta tsaya a kaina sai da na biya ladan gyara: ƙuliƙulin ɗari biyu.