Abubakar Huɗu, Bashi Ɗaya

Kawuna dillalin albasa ne a Cheberu, cikin ƙaramar hukumar Gwandu, kuma littafin bashinsa ya sha hannu har bangonsa ya koma launin ƙasa. Da ɗansa ya dawo hutu da kwamfuta a jaka, sai ya ce zamanin biro ya wuce. Ni aka ɗora wa karanto sunaye, shi yana shigarwa.

Kusan kowane yaren kwamfuta yana da wata ma'ajiya da ake ba ta mabuɗi ta miƙo abin da aka rataya masa: ka faɗi suna, ta faɗi kuɗi. A Python, da Guido van Rossum ya fitar a 1991, sunanta dict, a Java HashMap, a Go kuwa map. Duk sharaɗinsu ɗaya ne, mabuɗi ba ya maimaituwa.

To, Abubakar huɗu ne a littafin Kawu: na Dalijan, na Kambaza, na bakin kasuwa, da mai kai kaya Kalgo. Kawu yana gane shafin kowa ta inda miya ta ɗiga ko inda takarda ta yage. Python ba ta san miya ba. Duk Abubakar ɗin da na karanto, sai ta share na baya ta riƙe sabon, ko tari ba ta yi. Da aka haɗa lissafi, bashin buhu talatin ya koma na buhu biyu.

"Baba, ashe an kusa gama biyanka," in ji yaron.

Kawu ya cire hula ya ajiye a gwiwa. "Wa ya biya? A hannun wa?" Yana tambaya, ni yake kallo.

Yaro ya ce laifin Python ne, ya koma Java. Ita ma gogewar take yi, sai dai tana miƙo maka tsohon adadin, in ba ka karɓa ba shi ke nan. Ga shi HashMap ba ta alkawarin jera sunaye yadda aka shigar da su, alhali Kawu wanda ya fara ci shi yake fara bi. Python tun sigar 3.7 ta 2018 take kiyaye jeri. Go, da Google ya fitar a 2009, da gangan take hautsina shi.

Daga Java yaro ya koma Go, kuma a kan Go ɗin aka yi ta ta ƙare. Tambayi Python sunan da babu, ta yi ihu da KeyError. Java ta ce null. Go ba ta son kunyata kowa, sifili take cewa. Ranar Abubakar na Kambaza ya zo da kuɗinsa ƙulle a leda, yaro ya buga sunan harafi ɗaya ya tsallake, allo ya nuna 0. Mutumin ya leƙa, ya ce Alhamdulillahi, ya mayar da ledar aljihu, ya yi wa Kawu addu'ar gamawa lafiya. Sai da na bi shi a guje har bakin hanya, takalmi a hannu.

Yanzu lambar waya ce mabuɗi, kuma a matsayin rubutu ake ajiye ta, don in aka ɗauke ta adadi sifilin farko ɓacewa yake yi. Kawu bai yar da littafinsa ba. Abubakar na Dalijan da na bakin kasuwa waya ɗaya suke amfani da ita.