Yadda Za Ka Kula Da Gizonka Lokacin Saɓa Ba Ka Kashe Shi Da Soyayya Ba

Mutanen da suka yi zane a jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude a Birnin Kudu shanu suka zana, don sun san abin da ake kiwo. Amma tunda a Amurka da Jamus ana sayen ƙaton gizo mai gashi, wanda ake kira tarantula, a sa shi a akwatin gilashi har a raɗa masa suna, ba mamaki gobe wani ɗan Yalwan Damai ya dawo daga karatu da nasa. To malam, in kai ne, ga shawara kyauta.

Na farko, ka san wanda ka ajiye. Dangin tarantula sun haura iri 1,000. Na Meziko galibi masu haƙuri ne, in ka ɓata musu rai gashin bayansu za su watsa maka, ka kwana susa. Namu na Afirka ta Yamma, irin masu zama a bishiya a Togo da Gana, ba su da wannan gashin: cizo ne gaisuwarsu, ga ɗan karen gudu. Macen wasu na Meziko tana kai shekara 20 zuwa 30, don haka ka sanar da magada tun yanzu.

Na biyu, ka gane alamun saɓa. Ƙashin gizo a waje yake, ba ya girma tare da shi, dole ya tuɓe ya yi sabo. Ƙarami kan yi sau da yawa a shekara, babba kamar sau ɗaya. In lokaci ya ƙarato zai ƙi abinci na makonni, bayansa ya yi baƙi yana sheƙi, ya toshe bakin raminsa da yana. Ba fushi ya yi da kai ba, kada ka nemo masa maganin cin abinci a kemis. Gyaren da ka jefa masa bai ci ba, ka cire shi, domin gyare na iya cizon gizon da jikinsa ya yi laushi.

Na uku, ranar da ka tarar da shi rigingine, ƙafa takwas a sama, kada ka aika a gaya wa dangi. Gizon da ya mutu a kife yake, ƙafafu a naɗe a ƙarƙashinsa. Wanda ke rigingine kuwa, aikin saɓa yake yi. Kada ka juya shi, kada ka yayyafa masa ruwa, kada ka yi masa fifita, kuma ba ya karɓar 'yan dubiya. Abin kan ɗauki mintoci ko sa'o'i da dama. In ka dawo ka ga gizo biyu, ba ƙaruwa aka samu ba, ɗayan tsohuwar riga ce. In da ya rasa ƙafa, kana iya ganin sabuwa ta fito, 'yar siririya.

Na huɗu, ka riƙe hannunka. Bayan saɓa fiƙoƙinsa farare ne masu laushi. Sai sun yi baƙi za ka ba shi abinci: ƙarami kamar mako ɗaya, babba mako biyu. Ruwa a marfin kwalba kada ya yanke. Da hunturu ka riƙa ɗan jiƙa kusurwa ɗaya ta ƙasar akwatin. Da bazara ka nisanta shi da taga da zafin kwano. Sannan ka zauna da uwargida a yi sulhu: fiya-fiya da maganin sauro na feshi ba sa bambance sauro da ɗan lelenka, sai dai a koma gidan sauro. Ka kuma sa ido a kan cinnaka da kaji.

Na biyar, sauya masa gida. Ba a yi kafin saɓa, ba a yi ana cikinta. Ka jira ya ci abinci ko sau ɗaya ne. A ƙasa za ka yi aikin, cikin babban baho, ƙofa a rufe, domin faɗuwa kaɗan kan fasa masa ciki. Ka kifa masa kofin roba, ka zura kwali ta ƙasa, ka kai shi sabon akwati mai marfi da 'yan hujoji, da ɓawon itace na ɓuya, da ƙasar da ba ta taɓa ganin feshin gona ba. In ya kuɓuce, ka nemo shi shiru-shiru, domin takalmin mutan gida ya fi bayaninka sauri.

Daga ƙarshe, in Kaka ta leƙo ta ce ina Ƙoƙi, ka ce mata wannan Gizon gwauro ne, kuma a haka ya fi zama lafiya. Tarantula biyu a akwati ɗaya, da safe ɗaya za ka tarar, ya yi ƙiba.