Mai Ƙaho Huɗu

A gidan hayar da nake zaune a unguwar Akébé ta birnin Libreville ni ne injiniya. Ban yi karatun abin ba, shadda da atamfa nake sayarwa a kasuwar Mont-Bouët. Sarautar ta samo asali ne daga ranar da talabijin ɗin Maman, mai gidan hayarmu, ta ɗauke ana tsakiyar ƙwallo, na zo na ɗaka mata mari a ƙeya, ta dawo tangaram. Talabijin ɗin nake nufi. Tun daga ranar, duk abin da ke da waya a jikinsa, daga fanka har dutsen guga, ƙofata ake kawo shi. Wanda ya tashi, aikina ne. Wanda bai tashi ba, kwanansa ne ya ƙare.

Shekara da shekaru intanet ɗin ɗakina ta wayar tarho yake shigowa, irin layin nan da ake kira ADSL. Wayar tagulla ce, ko a takarda gudunta bai wuce megabit 24 ba, kuma gwargwadon nisanka da cibiyar kamfani, gwargwadon ramewar rabonka. Ga Libreville garin ruwa, in ka cire watannin rani daga Yuni zuwa Satumba, sauran shekarar sama ba ta hutawa. Da an fara yayyafi sai layi ya fara tari. Matata Hajiya na tsaka da gaisawa da mahaifiyarta a Katsina ta bidiyo, sai fuskar tsohuwa ta sandare, baki buɗe, ido ɗaya a rufe. Hajiya ta yi ta sallama, surukata tana nan yadda take har ruwa ya ɗauke.

Abin haushin, intanet ɗin duniya ya daɗe da isowa garin. Wayar ƙarƙashin teku ta SAT-3 ta sauka a gaɓar Libreville tun 2002, ta ACE ta biyo baya a 2012. Daga Turai zuwa bakin ruwa an gama magana, daga bakin ruwa zuwa Akébé ne tafiyar ta yi nisa. A 2017 aka fara ja wa gidaje wayar fiba da sunan Canalbox, Moov Africa Gabon Telecom ma tana ja wa nata mutanen, sannu a hankali ƙananan akwatuna suka fara bayyana a jikin turakun unguwanni. Duk wannan bai ɗaga min hankali ba sai da Bamalen da ke da shago a bakin layinmu ya riga ni. Mutumin da ni nake canja masa batirin rimot! Washegari na je na yi rajista da ɗaya daga cikin kamfanonin, aka ce in koma gida in jira masu haɗawa.

A zaman jiran ne tunani ya zo min. An ce kamfani zai kawo akwatinsa. To ni ɗan kasuwa ne, na san abin da ake ɗora wa mai saye a matsayin gyara ba ya taɓa zama na kirki. Layi mai daraja sai na'ura mai daraja. Na zaga shagunan garin, na ji farashi, na tuna cewa a Gabon har tumatir daga Kamaru ake kawowa, balle rauta. Sai na kira ƙanena a Kano, na ce ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre ya samo min wadda ta fi kowace. Ya ce, "Yaya, wace iri?" Na juya tsohuwar na'urata, na ɗauki hoton bayanta, na tura masa, na ce irin wannan sak, amma babbar yayarta.

Yaron nan tun yana ƙarami ba ya jin magana. Sai a wannan karon Allah ya shirye shi, ya bi umarni harafi da harafi. Ya ce mai shagon har rangwame ya yi masa, ya raka shi bakin titi yana sa albarka.

Kaya suka taso a jakar wani falke, suka bi Garwa da Ngaundere, suka sauka Yawunde, suka ƙetara iyaka suka shigo Bitam, suka gangaro ta Oyem da Ndjolé har Libreville. Da na buɗe kwali sai da na yi kabbara. Baƙa ce wul, tokunbo 'yar Ingila, da eriya huɗu a miƙe. Yaran gida suka sa mata Mai Ƙaho Huɗu nan take. Fuloginta mai ƙafa uku ne irin na Najeriya, soket ɗin Gabon kuwa rami biyu ne zagayayyu irin na Faransa, amma wannan ƙaramin abu ne, na sayo mahaɗi. Na ɗora ta a kan kabet, Hajiya ta shimfiɗa mata ɗan leshi. Maƙwabta suka riƙa shigowa gaisuwa ba gaira ba dalili. Bamale ma ya leƙo, ya daɗe yana kallo, ya fita bai ce komai ba. Na san ya ji a jikinsa.

Ranar haɗawa samari biyu suka zo da tsani. Suka jawo siririyar waya daga turke, suka huda bango, suka fito da wata 'yar na'ura suka narka bakin zaren gilashi suka haɗe, suka sa masa kai kore. Sannan babban ya ce, "Papa, ina za mu kafa akwati?" Na ce su mayar da akwatinsu jaka, mu nan mun shirya. Na yaye leshi.

Ya ɗauke ta da ladabi, ya juya bayanta, ya kira abokinsa. Suka duba tare, suka dubi juna.

"Papa, wannan ai ta ADSL ce."

Na ce masa da Faransancina na kasuwa, daga Ingila ta zo. Ya ce ko daga ina ta zo, wannan ƙaramin ramin na wayar tarho ne, layin da nake bari shi take jira. Fiba haske take ɗaukowa, ba lantarki ba, dole sai da na'urar da za ta karɓi hasken ta mayar da shi abin da waya da kwamfuta ke ganewa. Kuma wannan na'urar kamfani ne ke rajistar lambarta a wajensa, wadda bai sani ba ko gaisuwarta ba ya amsawa. In ina son ƙara tawa, sai mai babban rami da aka rubuta WAN, a jona ta a bayan tasu.

Ni dai a sanina rami rami ne. Na kama koren kan nan na nufi Mai Ƙaho da shi. Yaron ya yi tsalle ya riƙe min hannu. Ya ce kada in lanƙwasa, gilashi ne, karyewa yake. Na ɗaga shi zan leƙa in ga hasken da ake ta magana, ya sake riƙe ni, ya ce hasken ba ya ganuwa amma yana lalata ido. Daga bayan labule sai muryar Hajiya: "Alhaji, ko a kawo guduma?"

Na ƙyale su suka kafa nasu, wani ɗan fari, ko eriya ɗaya babu. Amma wurin zama ni na zaɓa masa. Na sa aka cusa shi cikin kabet, bayan talabijin, aka rufe da ƙofar madubi, don kada baƙo ya shigo ya ga an yi wa Mai Ƙaho kishiya.

A falo abin sai wanda ya gani. Surukata ta fito fes, har ƙudan da ke kan kafaɗarta muna gani. Amma da ka taka zuwa uwar ɗaki, shiru. Na duba waya na ga sunan wifi ɗinmu ya rabu biyu, ɗaya da 5G a wutsiya, na fita tsakar gida na sanar cewa mun shiga zamanin 5G. Ɗana na sakandare ya bari sai da jama'a suka watse, ya ce, "Baba, gigahaz 5 ne, ba na layin salula ba." Ya ce akwatin zango biyu yake watsawa. Na 2.4 yana nisa, yana ratsa bango, amma cunkoso ya kashe shi, don hanyoyi uku kacal ne a cikinsa ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, ga kowane gida a layin yana kai. Na 5 kuwa ga gudu ga sarari, amma bangon siminti mai rodi ɗaya ya ishe shi, balle an kulle shi a kabet tsakanin madubi da firji. Na ce masa kuɗin makarantar da nake biya ba don a riƙa yi min gyara a gidana ba ne.

Na nemi mafita da kaina. Wani mai tebur a bakin kasuwa ya sayar min da ƙaramar na'urar ƙara zango, ya rantse har Owendo za ta kai. Na kai ta inda ciwon yake, na soka ta a gefen gado. Nan take sanduna suka cika fal a waya. Na kira Hajiya ta zo ta ga aiki. Muka danna, abu ya yi ta juyawa, muka yi isha'i muka dawo yana juyawa. Ashe ita abin da ta jiyo take maimaitawa, a gefen gadon kuwa ba ta jiyo komai, don haka babu ɗin take watsawa da dukkan ƙarfinta. Wurinta tsakiyar hanya ne, inda sigina bai mutu ba, kuma ko a can kusan rabin gudun take cinyewa ladan aikinta.

Ɗana ne ya kawo shawarar a tashi Mai Ƙaho daga ritaya, shawarar da dama tana raina, riga ni faɗi kawai ya yi. Aka jawo wayar kwamfuta daga akwatin kamfani, ta bi saman ƙofa, aka soka ta a ɗaya daga ramuka huɗu na bayanta. Yana cewa in dakata ya gyara saiti, na kunna. Gida ya rikice. Dukansu biyun adireshinsu ɗaya, 192.168.1.1, kuma kowace ta ɗauka ita ce mai unguwa, tana raba wa wayoyi lambobi. Waya ta kama, ta saki, ta kama. Na ɗauko tsinken sakace na danna ɗan ramin da ke mayar da na'ura yadda ta fito daga masana'anta, na danna wa duka biyun don adalci. Sai da yaron ya kwana yana gyara: ya canja mata adireshi, ya kashe mata rabon lambobi, ya bar ta da watsawa kawai. Ya ce ramukanta ba sa wuce megabit 100, ko nawa layin ya kawo a nan za a tsaya. Na ce ɗari ba kaɗan ba ce, ya je ya tambayi mai bashi.

Ta yi aiki, kuma ina so a rubuta wannan. Ƙahonin nan huɗu suka cika uwar ɗaki, suka cika tsakar gida, suka tsallake katanga. Kalmar sirri ce kawai ba a sa ba, don na ce a bari sai na zaɓo mai nauyi. Ba a jima ba na lura jikin katangarmu ya zama dandali. Da magariba samari sun jeru, kowa ya sunkuyar da kai. Mai gasa kifi ta matso da murhunta. Wani tela ɗan Benin da ban taɓa yi wa magana ba ya tare ni a hanya ya kama hannuna biyu, ya ce, "Aladji, Allah ya ƙara arziki." Na amsa da amin, na ɗauka labarin kyautata a masallacin Hassan II ne ya bazu. A cikin gida kuwa surukata ta koma sandarewa.

Ƙarshen zamaninta ya zo a wani dare na Nuwamba. Tsohuwar wayar tarho tana nan a bango, ni kuma ban ga dalilin barin ramin Mai Ƙaho fanko ba, na mayar mata da abarta, ko banza a riƙe zumunci. Aka yi wata tsawa da ta tashi unguwa, muka ji ƙyas, sai ƙauri. Tagulla ta ɗauko abin da ta ɗauko daga turke ta sauke mata a ciki. Ɗan farin akwatin kamfani ko gezau, gilashi ba ya ɗaukar wuta. Samarin katanga sun zo ta'aziyya.

Yanzu akwatin kamfani yana rataye a sama a baranda ta ciki, a fili, inda Hajiya ta ce a sa shi tun ranar farko. A uwar ɗaki akwai wata 'yar rauta mara kwarjini, mai ramin WAN da ramukan gigabit, waya ta haɗa su, kalmar sirri kuma tana hannun Hajiya, ni ma sai na roƙa. Mai Ƙaho ta koma kan kabet bisa leshinta, ana goge mata ƙura duk Juma'a.

Kwanan baya wani Alhaji, abokin cinikina mai shagon takalma, ya zo gida. Ya gwada intanet, ya ga gudu, ya ɗaga kai ya ga ƙahoni, ya ce shi ma zai koma fiba, irin wannan yake so. Na gaya masa tsakani da Allah: ya bari a ja masa layi tukuna ya ga akwatin da za a ba shi, ya kafa shi a tsakiyar gida a sama, in bai isa ba ya ƙara mai WAN da gigabit ya haɗa da waya, kuma wannan da yake kallo gawa ce. Ya yi murmushi, ya ce, "Haba Alhaji, hassada a tsakaninmu?" Ina fita kawo masa ruwa ya juya ta, ya ɗauki hoton bayanta, ya tura wa yaronsa a Kano.

An ce kayan sun wuce Bitam. Na roƙe shi ya sanar da ni ranar da masu haɗawa za su zo, Hajiya ma ta ce za ta je, kuma da gudumarta.